DAGA BAKIN ALLO: Ɗan jami'ar da ke kwana a gida

 

Kowace shekara, da zarar sakamakon bak ya fito, gidaje da yawa a nan Yamai sukan kaure da guɗa. A yanka kaji, a raba lemo, maƙwabta su yi ta shigowa barka. Bayan an yi rajistar jami'a kuma, sai ka ji uba yana gaya wa abokan hirarsa: "Ni kam Allah ya hutar da ni. Nawa a gida zai zauna, babu haya, babu tunanin me zai ci." Waɗanda ake tausaya wa su ne ƴaƴan Tawa da Damagaram da Difa, da aka turo daga nesa, ba uwa ba uba. Tausayin nan yana bisa hanya, ban ce a daina ba. Amma a wannan wata ina so in ɗebi kaɗan daga cikinsa in kai wa wani yaro da ba a saba tunawa da shi ba, wato wanda ke kwana a gidan ubansa a Talaje ko Lazare ko unguwar Filin Jirgi, kullum ya tashi ya ƙetare kogi ya je karatu, ya sake ƙetarowa ya dawo. A ganina yaron nan yana samun darasi, amma rabin jami'ar yana wuce shi. Bari in faɗi dalili.

Ga wanda bai san Yamai ba, sai na ɗan zana masa garin. Kogin Isa ya raba birnin gida biyu. Daga cikin gundumomi 5 da ake da su, 4 suna gaɓar hagu, can ne manyan kasuwanni da ma'aikatu da mafi yawan jama'a suke. Ta biyar ce kaɗai a gaɓar dama, inda Zabarmawa ke kira Harobanda, wato bayan ruwa. To, a bayan ruwan nan jami'a take. An soma ta a 1971 a matsayin cibiyar karatu mai zurfi, ta zama jami'ar Yamai a 1973, sannan a 1992 aka raɗa mata sunan Abdu Mumuni. A farkon zamaninta garin ƙarami ne, ɗalibai ƴan kaɗan ne, gadar Kenedi kuwa sabuwa ce fil, tun da a 1970 aka buɗe ta. Waɗanda suka zaɓi wurin ba su yi laifi ba: ga fili, ga shiru, ga iskar kogi. Sai dai gari ya yi ta faɗaɗa ta ɗaya gefen, yana ƙara nisa da ruwa. Ƙidayar 2012 ta sami fiye da mutum miliyan 1 a Yamai, kuma tun daga lokacin ba a daina yanka filaye ba. Talaka kuwa kowa ya sani, can bakin gari yake samun inda zai kafa ɗaki.

Shekara 40 cur gada ɗaya ce ke ɗauke da kowa: mota, babur, keke, amalanken jaki, raƙumi da kayan itacensa, mai tallar ganye, duk a hanya mai hannu biyu. A 2011 aka buɗe ta biyu, wadda ƴan Sin suka gina, a 2021 kuma ta uku mai sunan Janar Seyni Kunce. An sami sauƙi, babu musu. Amma ta Kenedi ita ce ke sauka a ƙofar jami'a, don haka har yanzu nan ne mashigar yawancin ɗalibai. Kuma gada ba ta rage nisan da ke tsakanin gidan yaro da bakin kogi.

Mu fara da aljihu, tun da shi iyaye suka fi saurin ganewa. Daga unguwannin nesa da wuya mota ɗaya ta kai yaro har Harobanda. Sai ya shiga faba-faba ko taksi zuwa tsakiyar gari, ya sauka ya nemi wata. A ce kowace shiga dala 50 ce, wato sefa 250, kuma kun san ba kullum direba ke yarda da hakan ba. Biyu zuwa, biyu dawowa, dala 200 ke nan, jika 1 a yini. A kwanakin karatu 22 na wata, jika 22, tun bai sha ko ruwan leda ba, bai buga kwafin takarda ko ɗaya ba. Albashi mafi ƙanƙanta da doka ta yanke a ƙasar nan tun daga 2024 jika 42 ne. Ke nan mai irin wannan albashi, in yana da ƴaƴa biyu a jami'a, kuɗin motarsu kaɗai ya haura abin da yake ɗauka. Me zai faru? Yaron da kansa zai soma zaɓe: yau darasin mai nauyi ne, zan je, gobe ƙaramin darasi ne, zan ari kaye in kwafa. Ba lalaci ba ne, lissafi ne, kuma shi ne matakin farko na barin karatu.

Hukumar CROU mai kula da kwana da abinci da sufurin ɗalibai tana da motoci, kuma suna taimako ƙwarai. Sai dai ba su taɓa isa ba, shi ya sa da wuya a yi yajin ɗalibai ba a ji maganar bas a cikin ƙorafinsu ba, tare da ta ɗakuna da ta kuɗin tallafi. Mai hali kan saya wa ɗansa babur. Shi ma da nasa: mai, faci, ɓarayi, da zullumin uwa har sai ta ji ƙararsa a ƙofar gida. Gwamnati ta rage litar mai daga sefa 540 zuwa 499 a watan Yulin 2024, aka ji daɗi, sai ga ƙarancin mai na watan Maris 2025, lokacin da mutane suka yi ta wuni a layi. Ɗalibin da ke kwana a jami'a bai rasa darasi ba saboda wannan. Na gida ne ya rasa.

Amma asarar da ta fi damuna ba ta kuɗi ba ce, ta lokaci ce, kuma a nan ina roƙon ku bi ni sannu. Jami'o'inmu yanzu suna tafiya ne bisa tsarin da ake kira LMD, wato lisans, mastar, doktora, wanda ƙasashen UEMOA suka amince da shi a 2007. A tsarin nan ana auna karatu da abin da suke kira kiredi. Kowane zango na rabin shekara kiredi 30 ne, lisans gaba ɗaya 180. Kiredi ɗaya kuwa ana lissafa shi awa 20 zuwa 25 na aikin ɗalibi. Abin lura shi ne, awoyin nan ba na zaman aji kaɗai ba ne. An haɗa har da waɗanda ɗalibi zai yi shi kaɗai ko da ƴan uwansa: karanta littafi, bincike a ɗakin karatu, warware lissafi, shirya aikin rukuni. Malami ya ba ka kan zare ne, saƙar taka ce. Zango ɗaya ke nan awa 600 ne aƙalla. Yanzu ɗauki yaron da jira da tafiya ke ci masa awa 3 a yini, zuwa da dawowa. A sati awa 15. In zangon ya yi sati 14, awa 210 ke nan, fiye da kashi ɗaya cikin uku na abin da tsarin ke nema a wurinsa. Daga ina za a cire awoyin nan? Ba daga aji ba, tun da yana ƙoƙarin zuwa. Daga karatun kansa ake cire su, ko daga barcinsa. Hausawa sun ce tafiya mabuɗin ilimi, amma ba irin wannan tafiya suke nufi ba, wadda kullum hanya ɗaya ce, ramuka ɗaya, kuma ba ka iya buɗe littafi don gwiwar wani tana haƙarƙarinka.

Sannan ga jiki. Mu malaman firamare mun san fuskar yaron da ya taho daga nesa: awar farko ba ya tare da kai, hutawa yake. Girma bai canza wannan ba. A watan Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Yamai ke haura digiri 40, wanda ya tsaya rabin awa a bakin titi da tsakar rana ya riga ya kashe rabin ƙarfinsa. Da sanyi, fitar asuba cikin ƙura. Da damina, ruwa ɗaya ya isa ya datse unguwa. Kuma a babban zaure, inda ɗaruruwan ɗalibai ke zama, wanda ya zo da wuri shi ke samun gaba. Na nesa kullum baya, inda muryar malami ke isowa guntu-guntu, allo kuwa sai dai a tambayi na kusa me aka rubuta.

Duk wannan ana iya jurewa. Abin da ba a iya ramawa shi ne abin da ke faruwa bayan malami ya tattara takardunsa ya fita. Wani masanin zamantakewa ɗan Faransa, Alain Coulon, ya bi ɗaliban shekarar farko a wata jami'ar Paris, ya fitar da littafi a 1997 mai suna Le métier d'étudiant, wato sana'ar ɗalibta. Maganarsa ita ce, zama ɗalibin jami'a sana'a ce da sai an koye ta, kamar ƙira ko ɗinki, kuma wanda bai koye ta da wuri ba yakan faɗi ko ya gudu ko da yana da kai. Ya raba koyon gida uku: lokacin baƙunta, da yaro ke ganin komai baƙo, lokacin koyo, da yake laluben dokokin wurin, sai lokacin da ya zama ɗan gida. Dokokin nan kuwa galibi ba a rubuce suke ba. Yaya ake ɗaukar bayanin malamin da ba ya maimaitawa? Wane littafi ne dole, wane ne ado? Wace irin tambaya malami kaza ke yi a jarrabawa? Wane ofis ake zuwa in an ga kuskure a maki, kuma kafin wace rana? A lise akwai mai bin ka da waɗannan. A jami'a babu. Daga bakin na gaba da kai ake jin su, a layin abinci, a gindin bishiya, a wajen shayin dare, a hanyar masallaci. Yaron Difa da ke cunkushe a ɗaki da wasu manyansa, wahalarsa mai yawa ce, amma cikin wata biyu ya ji duk wannan. Yaron Talaje kuwa, ƙarfe 5 na yamma hankalinsa na kan mota. Ana iya shekara yana cikin baƙunta a garin da aka haife shi.

A Amurka an daɗe da lura da haka. Arthur Chickering ya fitar da littafi a 1974 yana kwatanta ɗaliban da ke zuwa daga gida da masu kwana a makaranta, ya ga na gida ba su cika shiga ƙungiyoyi ba, ba su cika kusantar malamai ba, abokansu kuma ba su cika wuce na da ba. Alexander Astin shi ma, bayan ya bi ɗalibai masu yawan gaske, ya ce abin da ɗalibi ke samu a jami'a yana tafiya ne daidai da lokaci da ƙarfin da ya zuba a cikinta, kuma kwana a makaranta na daga cikin abubuwan da ke taimaka wa ɗalibi ya kai ƙarshe. Ban ce mu haɗiye maganarsu ɗanya ba. Ƙasarsu daban, tamu daban, kuma tun asali ƴaƴan marasa hali ne suka fi zama a gida, don haka ba kowane bambanci ne hanya ta haifar ba. Amma in har ɗalibin da ke tuƙa motarsa a kan kwalta mai kyau yana asarar wani abu, ina ga mai jiran faba-faba?

Mu ma tarihinmu ya ishe mu shaida. Ranar 9 ga Fabrairu 1990 ɗalibai suka fito daga jami'a za su shiga gari da kokensu, aka tare su a gadar Kenedi, aka buɗe wuta, uku suka rasu. Daga nan ƙasa ba ta sake zama yadda take ba, har aka kai ga babban taron ƙasa na 1991, wanda Farfesa Andre Salifu ya shugabanta, ƙungiyar ɗalibai ta USN kuma tana da kujerarta a ciki. Ba siyasa nake son tayarwa ba, kowa da ra'ayinsa a kan yajin ɗalibai, ni ma ina da nawa. Tambayata ita ce: a ina matasan nan suka koyi tsayawa gaban jama'a su yi magana, su jure a musa musu, su rubuta takarda, su shirya taro? Babu darasi mai wannan suna. A zaman tare suka koya. A can ne Bahaushen Maraɗi ya fara kwana ɗaki ɗaya da Babarbaren Difa da Buzun Agadas da Bafulatanin Say, ya gane cewa ƙasar ta fi unguwarsu faɗi. Mu da muka yi makarantar horon malamai mun ɗanɗani ɗan kaɗan daga wannan. Rabin abin da na sani game da riƙe aji, a tabarmar dare na koye shi, wajen abokai da muke gwada darasi a kan junanmu, ɗaya na malami, sauran na yara masu ƙiriniya. Kuma har yau in ina neman wani abu a wata jiha, cikinsu nake samun wanda zan kira. Yaron da ke komawa gida kullum zai fito da takarda iri ɗaya da ta kowa, amma littafin adireshinsa bai ƙaru ba.

Kwanakin baya na haɗu da wata ɗalibata a bakin titi tana jiran mota. Na koyar da ita a ajin ƙarshe na firamare, yarinyar da in ta ɗaga hannu sauran sukan sauke nasu. Tana shekara ta biyu a jami'a. Bayan mun gaisa na ce, "Ƴata, su wa kuke karatu tare?" Ta yi ɗan shiru, ta ce, "Mushe, mutum biyu na sani a ajinmu, su ma don motarmu ɗaya ne." Aikin rukuni da yamma ake yi, ita kuwa dokar gidansu magariba ta same ta a ciki. Sai ta tura nata kason ta WhatsApp, su haɗa, su sa sunanta. Makinta ba laifi. Amma ba ta taɓa tsayawa ta kare aikinta gaban kowa ba, ba ta taɓa yi wa malami tambaya ba. Yarinyar da na sani mai baki, hanya ta mayar da ita mai kallon agogo.

Ga ƴa mace nauyin ninki biyu ne. Binciken da aka yi a ƙasar nan a 2012 ya nuna mata 76 cikin 100 masu shekara 20 zuwa 24 an aurar da su kafin su cika 18. Ke nan duk wadda ta kai jami'a ta riga ta ƙetare koguna da suka fi Isa faɗi. Iyayenta sun cancanci yabo. Ba kuma zan ce su bar ta ta yi dare a titi ba, ni ma uba ne, na san abin da ake gudu. Sai dai a gidaje da yawa, da ta ajiye jaka tukunya na jiranta, ga wankin ƙanne, ga baƙi. Ƙanenta namiji da ke lise an ce a yi shiru yana karatu, ita kuwa tun da ta ci bak ana ganin ta gama mai wuyar.

Namijin ma bai tsira ba. Tun da ana ganinsa a gida, ɗan aike ne: kai wannan Wadata, biya kuɗin wuta, raka kakarka asibiti, ai yau ba ka da darasi sai ƙarfe 10. Jadawalin jami'a mai giɓi ne, iyaye kuwa suna ɗaukar kowane giɓi hutu ne. Da dare kuma fadar unguwa na nan da butar shayinta da abokan yarinta. Ba na zagin fada, akwai zumunci a cikinta, akwai masu gyaran unguwa. Amma in a fadar shi kaɗai ne ɗan jami'a, hirar ba za ta taɓa zuwa kan abin da ya karanta ba, in ma ya kawo sai a ce ya fara jin kai. Zama da maɗaukin kanwa shi ke kawo farin kai, haka zama da masu karatu ke kawo karatu.

Kada wani ya ce malam ya mayar da zaman gida laifi. Yana da alherinsa, kuma ba ƙarami ba ne. Yaron yana cin tuwo mai kyau, in ya yi zazzaɓi akwai mai taɓa goshinsa, idon manya na kansa a shekarun da ake ɓacewa. Ɗakunan jami'a ba aljanna ba ne: wurin mutum biyu sai ka tarar da ninkin haka, ga hayaniya, ga abokan banza su ma ba a rasa su. Lokacin rikicin watan Afrilun 2017, da ɗalibi ɗaya ya rasu aka rufe wurin kwanan, ƴan nesa ne suka rasa inda za su sa kansu. Shi kansa wanda jami'ar ke ɗauke da sunansa, Abdu Mumuni, haifaffen Tasawa a 1929, masanin hasken rana da ya rasu a 1991, a littafinsa na 1964 kan ilimi a Afirka ya yaba wa tarbiyyar gargajiya saboda ba ta raba yaro da rayuwa da aikin jama'arsa, ya kuma soki makarantar mulkin mallaka da ta yi hakan. Ɗalibin da ke kwana a unguwa ya san farashin mudun masara, yana zuwa jana'iza, yana koya wa ƙanne lissafi. Wannan ma ilimi ne. Abin da nake cewa shi ne, wannan ɓangaren yana samunsa a kyauta, ɗaya ɓangaren kuwa sai an yi da gangan.

Abin da ya rataya a wuyan hukuma sananne ne, ba sai na tsawaita ba: ƙarin ɗakuna, ƙarin motoci, da mota ta ƙarshe da za ta tashi bayan isha don mai son zama ɗakin karatu. Buɗe jami'o'in Maraɗi da Tawa da Damagaram a 2010, da na Agadas da Difa da Doso da Tilaberi a 2014, ya rage wa Yamai kaya, amma duk inda aka gina jami'a a gefen gari maganar nan za ta bi ta can. Malaman jami'a kuwa, da girmamawa nake roƙonsu abu biyu da ba sa cin ko dala. In za a ɗage darasi, a sanar tun dare, domin sanarwar ƙarfe 8 na safe tana tarar da na nesa a kan gada, jikarsa ta riga ta tafi. Aikin rukuni kuma a ba shi gurbi da rana.

Amma da iyaye nake son in ƙarasa, don su ne ke karanta wannan shafi, kuma abin da ke hannunsu ya fi yadda suke zato. Ku nemi jadawalin yaron ku liƙa a bango, ku ɗauki ranar karatu tamkar ranar aikin ma'aikaci: daga safe zuwa yamma ba ya nan, ko da darasi ɗaya ne gare shi. In ya gama aji ƙarfe 12, kada ku ce me ya tsayar da shi. Gara ya wuni can, ya ci abincin ɗalibai mai rahusa, ya shiga ɗakin karatu, ya zauna da ƴan ajinsu, ya dawo sau ɗaya. Kuɗin motar ɗaya ne, ribar ce ta bambanta. Ita ma ƴar, a sauke mata girkin dare a ranakun karatu, a yarda mata da yamma ɗaya ko biyu a sati, wa ko ƙane ya je ya taho da ita. In akwai ƴar uwa ko aminiyar arziki a Lamorde ko Karaje ko Nogare, a nemi alfarmar kwana a lokacin jarrabawa. Ba baƙon abu ba ne a wurinmu: yaran ƙauye nawa ne suka yi kolej a gidan mai masauki?

Akwai kuma dabarar da na ga wasu maƙwabta sun yi. Gida uku ko huɗu masu ƴaƴa maza a jami'a suka haɗa abin da suke kashewa a mota, suka kama musu ɗaki ɗaya a Harobanda, Litinin zuwa Juma'a suna can, Asabar da Lahadi suna gida. In kuɗin ba zai kai shekara uku ba, a yi na shekarar farko kaɗai, don ita ce shekarar baƙunta, ita ce kuma ta fi zubar da yara. Sai dai wanda zai kama ɗaki a can ya duba tudu, ya tambayi maƙwabta inda ruwa ya tsaya a ambaliyar 2020, lokacin da kogi ya fasa madatsa ya shiga unguwannin gaɓar dama. Kuma a samu dattijo a kusa da zai riƙa leƙa su.

Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.